Rufin Yadi Bai Yi Laifi Ba: Martani Ga Mai Shawarar A Yi Walda

Kwanakin baya wani malami da ke yawan rubutu a kan harkar motoci ya taɓo batun tsofaffin motocin nan masu buɗaɗɗen sama, irin waɗanda ake ɗaga musu rufin yadi idan hadari ya taso, a naɗe shi baya idan gari ya yi daɗi. Hukuncin da ya yanke shi ne ba don ƙasarmu aka yi irin wannan rufi ba. A cewarsa ranar bazara tana gasa shi, ƙurar hunturu tana cinye shi, ruwan marka yana ruɓar da shi, ɓarawo kuma reza ɗaya ta ishe shi. Daga nan ya shawarci duk wanda ya gaji irin wannan mota, ko ya saye ta don sha'awa, ya cire ƙarafunan naɗewar baki ɗaya, ya kai ta wurin masu walda da fanabita na Chikaji ko Sabon Gari a Zariya su ɗora mata rufin ƙarfe kowa ya huta. Abin da Malam ya gani da idonsa ba ƙarya ba ne. 'Yan ƙalilan ɗin motocin da suka rage a garuruwanmu, yawancinsu rufinsu ya yage, tagar bayansu ta dushe, wasu ma ƙarafunan sun ƙage ba sa motsi. Inda muka raba hanya da shi wuri biyu ne: wanda ya ɗora wa laifin, da kuma maganin da ya rubuta. Yanayin Zariya yana da nasa kaso, amma kaso mafi girma na hannun da ke ɗaga rufin da naɗe shi ne, kuma walda ba ta gyara wannan, sai dai ta hallaka motar.

Mu fara da abin da kowa zai iya gani ba sai an ba shi labari ba. Wanda ya tsaya a Kwangila ko PZ da tsakar rana, mafi yawan abin hawan da zai ga yana ɗaukar mutane zuwa Samaru ko cikin kasuwar Sabon Gari keke Napep ne, Bajaj ko TVS, kuma babu ko ɗaya a cikinsu mai rufin ƙarfe. Tamfol ne a kan haƙarƙarin bututu. Daga asuba har bayan isha'i suna cikin wannan rana da wannan ƙura, da damina su sha ruwa safe da yamma, kuma masu su ba sa canja rufi duk wata. Manyan motocin da ke ɗaukar masara daga Giwa da Soba da tamfol ake lulluɓe su. Motocin soja da ke fita daga barikin Chindit haka. Kafin duk waɗannan, Land Rover da aka fara ƙerawa a 1948 da rufin tamfol ta fito, kuma ita ce ta yi wa ma'aikatan En'e da malaman dabbobi da na gona hidimar rangadi a hanyoyin da ko kwalta ba su da ita. Akori-kurar Peugeot da masana'antar PAN ta Kakuri a Kaduna ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975, ita ma tamfol ne a bayanta. Idan da sararin samaniyar Zariya ba ya barin yadi ya rayu a kan mota, da rabin sufurin garin ya tsaya tun tuni.

Malam zai iya cewa ai rufin keke ba a naɗe shi, a miƙe yake kullum, saboda haka kwatancen bai yi ba. To ai nan ne maganar take. Rana ɗaya ce, ƙura ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, abin da ya bambanta su naɗewa ce. Duk mai son tabbatarwa ya je ya duba inda rufin buɗaɗɗiyar mota ke fara lalacewa. Da rana ce babbar mai laifi, da tsakiyar rufin ne zai fara mutuwa, don shi ne shimfiɗaɗɗen wurin da take duka kai tsaye. Amma ba can ake samun yagewar ba. Ana samunta a gefe da gefe, daidai inda ƙarafuna biyu ke haɗuwa su gitta juna idan an tura rufin baya, da kan layin da yadin ya saba karyewa, da kuma tagar leda ta baya wadda ke tsagewa a kan ninki. Waɗannan raunuka ne na matsewa da gogayya, ba na ƙuna ba, kuma duk ɗinkin da aka yi musu za su dawo muddin ana naɗe rufin yadda aka saba.

Ga yadda abin yake aiki. A ƙarƙashin yadin akwai haƙarƙari uku ko huɗu da suka ratsa daga gefe zuwa gefe, an haɗa su da sandunan gefe masu gaɓoɓi, na gaba kuma yana kama goshin gilashi da maƙalai biyu. A tsofaffin motoci irin MGB ta Ingila, ko Peugeot 504 mai buɗaɗɗen sama, ko Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989, babu wata na'ura da ke yin wannan aiki, hannu ne. Sai a SL ɗin da ta biyo baya a 1989 ne Mercedes ta sa wanda ke ɗagawa da naɗe kansa da danna maɓalli. Aikin hannu kuwa yana da tsari. A tsayar da mota a wuri mai daidaito, a sauke gilasan gefe ko a buɗe ƙofofi, a ɓalle maƙalan gaba da duk maɓallan da ke riƙe da yadin a jikin bodi kafin a fara tura rufin baya. Idan tagar baya mai zif ce a zuge ta a kwantar da ita a miƙe, idan ba ta da zif a sa tafin hannu a lanƙwasa ta a hankali ta yi baka ba tare da ta karye ba, a saka tsumma mai laushi a tsakani don kada fuska biyu su gogi juna. Sannan a ɗaga rufin daga tsakiya, ko mutum biyu su kama gefe da gefe su tafi tare, domin wanda ya ja daga gefe ɗaya yana murɗe sandunan ne, kuma sandar da ta murɗe ba ta sake zama daidai a kan gilashi. Yayin da rufin ke komawa baya, a riƙa jawo yadin waje daga tsakanin ƙarafuna, don idan aka bar shi a ciki gaɓoɓin suna yi masa abin da almakashi ke yi. Duk wannan bai fi 'yan mintuna ba. Amma abin da aka fi gani shi ne a ɓalle maƙalai a wurga rufin baya da ƙarfi, idan ya ƙi kwanciya a danne shi da gwiwa.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya kamata Malam ya tsaya a kai tun da yanayi ya sa a gaba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, safiyar Samaru tana da sanyi da bushewa, leda da roba kuma suna ƙagewa a cikin sanyi. Tagar da za ta lanƙwasu lafiya lau da azahar, idan aka ninke ta da sassafe sai ta tsage. Abin yi shi ne a bar motar ta sha hantsi tukuna. Ƙurar hazo kuma ba zamanta a kan rufi ke ɓarna ba, naɗe ta a ciki ne. Idan aka naɗe rufi da ƙurarsa aka hau hanya, duk girgizar da mota ta yi ƙurar tana gogar zaren daga cikin ninki, tana kuma kankare tagar. Haka wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya goge tagar leda, shi ne ya dusar da ita da hannunsa. Burushi mai laushi ga yadin, ruwa mai yawa ga tagar kafin a sa mata tsumma, shi ke nan. Da damina kuma doka ɗaya ce: ba a naɗe jiƙaƙƙen rufi. Zariya tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba, kuma yadin da aka cusa a ramin bayan kujera da danshinsa a watan Agusta, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna, zaren ɗinkinsa ya ruɓe, ƙarafunan su kama tsatsa a gaɓoɓi. Ramin nan yana da ƙananan ƙofofin fitar ruwa, idan ganye da laka suka toshe su ruwan yana kwanciya ya ci gindin motar kanta. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Babu fadar da za a sauko daga hawan Sallah a naɗe laimar Sarki da jiƙonta a jefa ta ɗaki, sai an shanya ta an kakkaɓe ta, shi ya sa take shekaru.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a naɗe rufin a bar shi wata da watanni wai don kada rana ta ci shi. Yadin da ya daɗe a naɗe yana tsukewa, ninkinsa ya zama tabo. Ranar da aka zo ɗagawa sai a tarar ya kasa kai wa goshin gilashi da ɗan yatsa biyu, sai a ja da ƙarfi, ɗinki ya ɓalle ko maƙali ya karye. Motar da za a ajiye, da rufinta a ɗage a kulle ake ajiye ta, a inuwa. Idan kuma ya riga ya tsuke, a fitar da ita rana ya yi laushi, a kama maƙalan gaba a hankali ɗaya bayan ɗaya, sannan a bi maɓallan baya. Gaɓoɓin suna son ɗigon mai kaɗan, a goge abin da ya yi saura don kada ya kama ƙura ya ɓata yadin.

Ban ce rana ba ta da laifi ko kaɗan ba. Tana kashe launi, tana busar da roba, tana cin zaren ɗinki, kuma tamu ta Maris da Afrilu ba wasa ba ce. Motar da ke kwana ta yini a fili shekara da shekaru rufinta ba zai kai na wadda ke gareji ba. Amma wannan hujja ce ta neman rumfa da zare mai kyau, ba ta neman mai walda ba. Fenti ma rana tana cin sa, tayoyi ma haka, dashbod ma yana tsagewa, ba wanda ya ce a daina su. Sannan mafi yawan MGB da aka ƙera a Abingdon tsakanin 1962 da 1980 ƙasashen waje aka kai su, babbar kasuwarsu Amurka ce, har da jihohinta masu zafin rana irin Kalifoniya. Ingila kanta danshi ne kusan duk shekara, wanda ya fi dacewa da fumfuna a kan namu yanayin da ke ba mu wata shida cur na bushewa.

Yanzu mu zo ga maganin nasa, domin nan ne shawarar ta tashi daga kuskuren fahimta ta zama ɓarna. Motar da aka ƙera da rufin ƙarfe, rufin yana cikin abin da ke riƙe da ita, shi da ginshiƙansa da shasi suka haɗu suka zama akwati guda. Motar da aka ƙera ba rufi kuwa an mayar da wannan ƙarfin ƙasa ne, an ƙara kauri a dokin ƙofa da ƙasan bodi da bayan dashbod. Haka kamfanin Karmann na Osnabrück a Jamus ya yi wa Volkswagen Beetle mai buɗaɗɗen sama, wadda ya ƙera fiye da 330,000 daga 1949 zuwa Janairun 1980. Peugeot 504 mai buɗaɗɗen sama da ta fito a 1969 ma ba 504 ɗin da muka sani aka yanke wa kai ba, Pininfarina na Italiya ne ya zana mata jiki dabam, an kuma rage tsawon tsakanin tayoyinta. Duk da wannan ƙarin ƙarfi, irin waɗannan motoci suna ɗan murɗawa idan sun shiga rami, an kuma san da haka tun a wurin ƙira. Rufin yadi yana bin wannan motsi ba ya gardama. Farantin ƙarfe da aka liƙa a kan goshin gilashi da bayan kujera ba ya bi. Duk murɗawar da motar ta yi a kan hanyoyin cikin unguwa da damina ta farfasa, a bakin waldar za ta taru, sai waldar ta tsage, ko ta ja firam ɗin gilashi gilashin ya fashe, ko ƙofofi su daina rufuwa daidai. Ga nauyi da aka ɗora a sama inda ba a tanadar masa ba. Ga zafin wuta da ke ƙone fenti da abin kariyar da ke cikin lungunan bodi inda burushi ba ya kai wa, nan tsatsa za ta fara. Ruwan da aka guda kuma zai dawo ta tsagar walda, tun da gilasan gefe an yanka su ne daidai da robar rufin asali. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hujjar Malam mafi nauyi ita ce ta hatsari, kuma ba zan raina ta ba. Idan mota ta kife, yadi ba ya kare kan kowa. Wannan tsoro yana cikin abin da ya sa a shekarun 1970 kamfanonin Amurka suka yi ta janye jiki daga irin waɗannan motoci, har aka tallata Cadillac Eldorado ta 1976 a matsayin ta ƙarshe, kafin Chrysler ya dawo da su a 1982. Amma a duba yadda injiniyoyi suka amsa matsalar. Porsche ya fito da Targa mai baka na ƙarfe a bayan kujeru, Triumph Stag ta 1970 ta zo da nata ginshiƙin, duka an dasa su ne a ƙashin motar tun daga ƙira. Abin da ke kare mutum ginshiƙi ne da aka lissafa ƙarfinsa, aka kafa shi a inda zai iya ɗaukar nauyin mota. Falle ɗaya na ƙarfe a kan siraran bututu ba ya yin wannan aiki, idan motar ta kife lotsewa zai yi, kuma gefensa mai kaifi ne. Abin da ya fi muni, yana sa direba ya ɗauka yana cikin kariya alhali babu. Wanda ya damu da wannan ya nemi a kafa masa baka mai ƙarfi a shasi, ya gyara bel, ya kuma san cewa motar da ta haura shekara 40 ba ta tsere a hanyar Kaduna zuwa Kano ba ce, da rufi ko ba rufi.

Batun ɓarawo gajere ne. Gaskiya reza tana yanka yadi, dutse ma yana fasa gilashin kowace mota. Kada a bar kaya a ciki, kada a bar ta ta kwana a titi. Wanda kuma lallai yake son rufi mai tauri da damina, akwai hanyar da ba ta taɓa jikin mota: Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989 da aka ambata tana da rufin ƙarfe na cirewa, mutum biyu su ɗora shi su kulle, idan kaka ta yi su sauke, na yadin yana naɗe a ƙarƙashin murfinsa. MGB ma an yi mata irinsa. Da Malam ya ce masu sana'armu su koyi yin rufin cirewa mai kama maƙalan asali, da babu mai ja da shi.

Abin da ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci shi ne walda ba ta da komawa. Yadin da ya yage ana cire shi a ɗinka wani. Ƙarafunan naɗewa kuwa idan aka yanke su aka sayar wa 'yan gwangwan, ba a samunsu a shagon kayan gyara na Sabon Gari, ba a samunsu a Panteka ta Kaduna, don PAN ba ta taɓa harhaɗa samfurin buɗaɗɗen sama ba. Duk 504 mai buɗaɗɗen sama da aka ƙera a duniya daga 1969 zuwa 1983 ba ta wuce kimanin 8,000 ba, alhali 504 ta yau da kullum miliyoyi ce. Darajar irin wannan mota a wurin masu nemanta tana ga kasancewarta yadda aka ƙera ta. Magajin da ya bi shawarar Malam zai biya kuɗi daga aljihunsa a rage wa dukiyarsa daraja, kuma idan motar ta marayu ce ko ta gado da ba a raba ba, abin ya wuce maganar sha'awa.

Wani zai ce duk wannan daidai ne, amma wa zai ɗinka sabon rufin a nan? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta zo da sauƙi ba. Masu ɗinkin kushin da rufin keke suna da hannu, suna da keken ɗinki mai ɗaukar kauri, sun iya awo a kan haƙarƙari. Abin da yawanci ke ba su matsala kayan aiki ne. Tamfol ɗin keke da na manyan motoci an yi shi ne don ya zauna a miƙe, yana da kauri da tauri, idan aka sa shi a kan ƙarafunan naɗewa ba ya shiga raminsa, yana kuma karyewa a ninki. Yadin rufin naɗewa na ƙwarai hawa uku ne, saƙa a waje, siririyar roba a tsakiya mai hana ruwa, saƙa mai laushi a ciki. Zaren ma sai na roba mai jure rana, na auduga ruɓewa yake yi. Tsohon rufin, ko ya yi kaca-kaca, kada a yar, shi ne ma'aunin da za a yanka sabon a kai. Waɗannan abubuwa ne da ake koya, kuma idan akwai garin da bai kamata a ce ba za a iya ba, Zariya ce. Garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1911 Sabon Gari ta tashi a kan cinikin auduga da gyaɗa, inda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin auduga na SAMCOT, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da kimiyyar saƙa, ga cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru, ga cibiyar fasahar sufuri ta NITT, bai dace a ce ɗinkin rufin mota ya gagare shi har sai an kira mai walda ba. Kuma wanda ya ƙware a wannan ba zai zauna jiran tsofaffin motoci 'yan ƙalilan ba, don motocin Balgiyam masu rufin yadi suna shigowa, su ma rufinsu zai tsufa.

Saboda haka ina kira ga Malam, cikin girmamawa, ya sake duba shawarar nan ya janye ta, tun da mutane suna karanta shi suna kuma aiki da abin da ya faɗa. Ku kuma iyayen gidanmu masu walda da fanabita na Chikaji da Muciya da sauran Sabon Gari, idan aka kawo muku irin wannan mota aka ce a yanke ƙarafunan rufi, ku gaya wa mai ita abin da zai biyo baya kafin ku kunna wuta, ku nuna masa hanyar mai ɗinki. Wanda yake da motar kuma ba zai iya hidimarta ba, ya sayar da ita da ƙarafunanta a jiki ga wanda zai iya.